Tafin Roba da Tafin Hikori

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na yankin Telemark kafin zuwan roba, da katakon Aslak Tveiten ya koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ni ma haka. Dogo ne marar yawan magana, kullum yana warin kwaltar itace kamar tsohon kwalekwale. Ya fi shekara talatin yana sassaƙa katakon zamiya a shagonsa na bayan gida. In kana son bakinsa ya buɗe, to ɗauko zancen tafi, wato gefen katakon da ke gogar ƙanƙara.

"Farin icen dajinmu ba shi da nauyi, yana riƙe kakin da ake shafawa don kada ya zame baya a hawan tudu, amma hunturu biyu ya cinye," haka yake cewa. "Icen hikori na Amurka kuwa nauyi gare shi kamar suruki, sai dai ba ya ƙarewa."

Aslak bai yarda da gwajin baki ba. In ya haɗa sabon tafi, shi da matarsa Borghild suke hawa tudun bayan coci, kowa ya ɗaura nasa. Da yake ita ba ta da jiki, sai ta goya jakar duwatsu don nauyinsu ya zo ɗaya. Su riƙe hannu su fara gangarowa tare, in sun kai wani kututture su saki juna. Wanda ya fi nisa kafin ya tsaya, tafinsa ya ci. Mutanen gari sukan ce a nan kaɗai aka taɓa ganin Aslak ya riƙe hannun matarsa.

A hunturun 1975 Sveinung, ƙanen Borghild, ya zo daga Oslo da katakon kamfani mai tafin roba, fari tas. Ya shiga shago ya tarar da mu muna shan kofi, ya ajiye shi a teburin aiki.

"Yaya Aslak, zamanin warin kwalta ya wuce. Ka koma sassaƙa cokula."

Aslak ya shafa robar da ɗan yatsa. "Da wannan ake yin bokiti, ko?"

"Bokitin zai bar ka a baya."

"In ya bar hikorina a baya, na rufe shagon nan."

A gabanmu ya faɗa, mu shida, kuma a garinmu ba a lashe irin wannan magana.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci rabin gari ya hau tudu. Rana ta ɗan fito, ƙanƙarar ta yi laushi, irin wadda ke liƙe wa itace. Borghild ta ɗaura na robar, ta goya duwatsunta, ta ce a hankali, "Maigida, janye maganar nan tun da sauran mutunci."

"Kawo hannunki. Kuma in kika ja ƙafa don ki rage gudu, zan gani a sawu."

Ba su ma kai kututturen ba ta fara jan hannunsa. Da suka saki, ta wuce kamar an harba ta, ta tsallake hanya, sai a garken awakin Halvor, ɗaya daga cikinmu mu shidan, ta tsaya. Aslak kuwa ya tsaya can baya, tsaye ƙyam kamar shuka.

A dawowa ne aka yi dariya. Robar ba ta riƙe kaki, don haka Borghild ta yi taku biyu sama, ta zame uku ƙasa, ga duwatsu a baya. Aslak ya wuce ta ya hau tudun kai tsaye. Ya je ya sa wa shago kwaɗo.

Kwana tara ya yi a cikin gida. Ya kankare teburin cin abinci, ya kankare ƙofar kicin har iska ta fara shigowa, sannan ya shiga koya wa Borghild feren dankali. Ya rame, ya daina gama kofinsa. Ran na goma ta aika aka kira mu, mu shidan da Sveinung, ta ɗora katakon robar a cinyar mijinta.

"Ku ne shaidu, ku ji. Abin nan ya san gangara, bai san hawa ba, rabin aiki ke nan. Ko ku yafe wa maigidana maganar da ya yi, ya gyara abin, ko kowane gida ya riƙe shi mako guda."

Halvor ya dubi ƙofar kicin, ya ce shi dai ya yafe. Muka bi sahu. Sveinung ya ce, "Ni ma, in zai amsa cewa bokiti ya ci."

Aslak ya juya katakon yana duban tafin, ya daɗe. Ya tashi ya ɗauki mabuɗi.

Abin da ya yi shi ne, ya bar roba a gaba da baya don gudu, ya yanke ta daidai ƙarƙashin ƙafa, ya dasa farin ice mai riƙe kaki. Irinsa ya ci gaba da yi har idonsa ya gaza. Nawa na nan a rataye.

Da Sveinung ya gwada na farko, ya dawo yana murmushi. "To Yaya, roba ta ci ko ba ta ci ba?"

"Ta ci gangara," in ji Aslak. "Sai dai gidajenmu duk a kan tudu suke."