Akushin Habboba

Ranar wata Talata da hantsi, a shekarar da na fara bin manya tsinkar auduga, Baffa Ummaru, ƙanen mahaifina, ya shigo gidanmu ya tarar da kakarmu, wadda muke kira Habboba, tana shafa wa akushinta man riɗi. Baƙin akushi ne mai faɗi, wanda mahaifinta ya ɗauko a kai tun daga Sakkwato har nan gabas, bakin kogin da muke zaune a yankin Sinnar. Ba a sauko da shi sai ranar suna da ranar cika-ciki, a cika shi da tuwon dawa, mazan gida su kewaye shi. Ni nake wanke shi a bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, don haka ni na fara ganin tsagar da ta fito a gefensa. Baffa ya durƙusa ya duba, ya ce ya san wani gyartai a kasuwar Sinnar da ke ɗinke itace kamar ƙwarya. "Inna, kafin cika-ciki zai dawo miki," in ji shi. Ta naɗe akushin a tsohon zanenta, ta miƙa masa da hannu biyu.

Cika-ciki ya zo, muka ci tuwo a farantin ƙarfe. Mu yara muka ci gaba da korar tsuntsaye a gonar dawa, da langa, da kamun kifi in an rage ruwan tur'a. Habboba kuwa duk ranar kasuwa sai ta fito da kujerarta zaure ta jira motar Sinnar. Yau Baffa ya ce gyartai ba shi da lafiya, gobe ya ce ya tafi ta'aziyya. A damanar nan ne Baffa, da kullum yake ƙodago a gonakin mutane, ya sami hawasha, wato gonar haya ta kansa, aka yi ta murna.

Bayan an yi girbi, aka aike ni da jaki in kai itace gidan mufattish, babban mai duba gonaki, wanda shi ke raba hawasha. Ina sauke kaya na hango falonsu, an jera tsofaffin tasoshi da takubba a bango. Ga akushinmu a kan tebur, an zuba masa furannin roba, tsagar tana nan yadda na san ta. Matar gidan ta ga na tsaya, ta ce da Larabci ita tana son tsofaffin kaya, har kasuwanni take bi tana nema. Wannan kuwa, in ji ta, kyauta ce daga wani Ummaru, wanda ya ce tsohuwar da ke da shi ta rasu.

Na koma gida ban hau jakin ba. Na tarar da Baffa a zaure na gaya masa abin da na gani, ya ce, "Kai yaro, itace ne fa. Dawar da kake ci daga ina ta fito?" Habboba tana bayan ƙofa tana jin mu. Ba ta ɗaga murya ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ummaru, ashe har ka binne ni." Daga ranar ba ta sake cin dawar gonarsa ba har Allah ya yi mata rasuwa, kuma kujerarta ba ta sake fitowa zaure ba.

Yanzu 'yata Zainabu ta yi aure, ita ma ta shiga bin kasuwa tana neman tsofaffin kaya na ado. Kwanan baya ta nuna mini wani akushi da ta rataye a bangon ɗakinta, ta ce, "Baba, bai yi kyau ba?" Na ce ya yi. Na sa hanci a cikinsa, ko zan ji ƙamshin man riɗi, ban ji komai ba. Sai na tsaya ina tunanin wace tsohuwa ce take jiransa a zaure.