Fiffiken Fara

Ranar Litinin ta biyu da buɗe lakwal, wato makarantar boko, shekarar da na shiga aji uku a Madarumfa, Madam Rabi ta shigo mana da kwalba a hannu. Fara ce guda ɗaya a ciki, tana buga kai da gilashi. Ta raba mana takarda da guntayen fensir masu launi, mutum huɗu fensir ɗaya, ta ce mu zana ta. Babu wanda ya yi murna. Damanar nan fara ta sauka a gonakin yamma da tafki tun gero bai kai tumu ba, ta bar mana kara tsaye. A gidanmu Baba ya leƙa rumbu sau ɗaya bai sake ba. Da safiyar nan kuma, ina ɗaure takalmi, na ji Inna tana ce masa in ya tafi cirani ni zan zauna in taya ta sana'ar fara. Bai ce a'a ba. Na ɗauki jakata na fita.

Mu sittin da wani abu, kowa ya duƙufa yana ja. Da Madam ta zaga ta duba sai ta tsaya tsakiyar aji tana riƙe baki. Dukanmu mun zana fara babu fiffike, babu dogayen ƙafafu, kamar yadda take zuwa cikin kwano da yaji. Kullum muna korar ta a gona, amma hannu ta kasko ya sani. "Wannan ai ta tukunyar uwayenku ce," in ji ta. "Ku zana wadda Allah ya yi." Ta fito da farar, ta riƙe ta da yatsu biyu, ta buɗe fiffiken a gaban taga. Ƙarƙashin na sama mai launin ƙasa ashe akwai wani siriri, rawaya da ɗan ja a gindi, da jijiyoyi kamar na ganyen rama, haske yana ratsa shi. Na jira jan fensir har ya zagayo kaina, na zana jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Madam ta manna tawa a bango, ta ce jibi za mu yi malam-buɗe-littafi. Ban gaya mata abin da na ji a gida ba.

Washegari Baba ya hau mota ta garin Ɗan Issa, ya tafi cirani. Ni kuwa na bi Inna daji da sanyin asuba, lokacin da raɓa ke hana fara tashi, muka cika buhu. Aikina shi ne figa kafin a zuba a tafasasshen ruwa. Ban yi kuka ba, ban ma ji haushin kowa ba, don "Karatu ba shi cika rumbu" da Inna ke faɗa gaskiya ce a shekarar. Kwanakin farko duk wadda na kama sai na buɗe fiffikenta na duba, Inna tana cewa, "Ke, hannu dai, rana na yi." Wajen mako biyu na daina dubawa.

Yau ƴata tana aji uku, tana zuwa mini da zanen ƙwari kala-kala da ta kwafa daga wayar malaminsu, in ce ya yi kyau. Har yanzu fara nake soyawa a bakin tasha, kuma babu mai saurin figa kamata a layinmu. Wani lokaci nakan so in tsaya in buɗe guda ɗaya in nuna mata. Kafin in tuna, hannuna ya riga ya fige.