Ranar da Surukina Ya Zama Jirgin Ruwa

Ina aikin gardi, wato sojan gadi, a barikin Tanut aka turo mana wani kafitan daga bakin teku. Injiniyan soja ne, kuma tun ranar da ya sauko daga raƙumi ya tsani ƙasarmu ta Damargu. Ita ma ba ta raga masa ba, cikin kwana goma hancinsa ya saɓule kamar dafaffen rogo. Tafinta ya tsegunta mana cewa a Dakar yake, wajen tashar jiragen ruwan yaƙi, ya yi gardama da na gaba da shi a kan yadda za a tsare tashar, aka cillo shi nan ya huce. Bai huce ba. Kullum yana duƙe kan wata ƙatuwar takarda, ya goge wurin igwa, ya matsar da layin waya, wai in ya gyara tsarin ya aika musu za su gane kurensu su mai da shi.

Wata rana ya ce sai ya gwada abin a ƙasa. Aka tara mu, tafinta ya ce daga yau bariki ita ce tasha, filin kudu kuma teku ne. Mu da babban ruwanmu tabkin damina, muka ce to. Ya zaɓi tudu uku, kowanne da mutum ɗaya, da jar tuta da madubi. Raƙuma shida za su zama jiragen abokan gaba. Wanda ya hango su ya miƙe tsaye, ya kaɗa tuta, ya haska madubi. Wanda aka wuce ta gabansa bai kaɗa ba, kwana goma sha biyar a kaso.

Ni kuwa a lokacin hankalina ba ya kan teku. Matata ta yi yaji wata biyu, tana gidan ubanta a Gangara. Zakaranta na yanka wa abokan aiki ban tambaye ta ba, da ta yi magana na ce ai zakaran ma duk ƙashi ne. Sau biyu ina aika biko. Tsohon, madugu ne mai raƙuma, bai ce komai ba sai "To, an ji." Ina son matar nan ƙwarai, kuma ɗakin ya yi mini faɗi.

Ranar gwajin aka ba ni tudu ɗaya. Da hantsi ina kan tuduna sai ga raƙuma shida a jere. Na ɗauki tuta, na yunƙura. Sai na gane zaman mutumin da ke gaba, da farin rawaninsa, da yadda yake karkata kafaɗa. Ashe wurin surukina aka nemi raƙuman, shi ne babban jirgi.

To jama'a, ku yi mini hukunci. Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, wanda in na hango shi a kasuwa nake sauya hanya, shi zan tsaya ƙiƙam a bisa kansa da takalmi, ina kaɗa masa jan ƙyalle ina dalle masa ido da madubi? Ga 'yarsa a hannunsa? Na tuɓe takalma, na kwantar da tuta, na gangara na durƙusa a bakin hanya.

"Barka da hantsi, Baba. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya mutanen gida?"

"Suna nan ƙalau," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Yaro, ta ina ake shiga bariki?"

Shi da ya san kowace ƙaya ta ƙasar nan! Amma babba ya yi tambaya. Na ce, "Ku bi ta bayan tudu, Baba, can ƙasar ta fi tauri." Sai da suka ɓace na tuna ta bayan tudun nan sauran biyun ba sa hango kowa.

Kafitan yana zaune da agogo a hannu yana jiran tuta, sai raƙumi ya zuro masa wuya ta saman katanga. Tasha ta faɗi ko ashana ba a ƙyasta ba.

Ya sa aka kawo ni. Ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, tafinta yana tace mini zagin. Da ya nemi dalili, tafinta ya yi masa bayanin surukuta. Sau uku yana sa a maimaita. Sai ya koma kan takardarsa, ya soke tutocin duka, ya ja layin waya daga kowane tudu, ya sa mutum biyu-biyu, kuma kada ɗayansu ya zama ɗan garin. In dai akwai waya a tuddan bakin teku yau, ni dai na san da hannuna a ciki. Kason kuwa bai rage mini ko yini ba.

A can ne wanda ke tsaron ƙofa ya gaya mini cewa tun kafin a tashi, tsohon ya tambaya wane tudu ne nawa. Kafitan ma sai da ya ba tsohon dunƙulen sukari da ganyen shayi, wai gwanin yaƙi. Na kwana biyu ina cizon yatsa, na fid da rai da matar kuma.

Rana ta huɗu aka ce ina da baƙuwa. Na leƙa, sai ga ta da ƙwaryar fura, fuskar nan a murtuke.

"Baba ya ce in dawo," in ji ta.

Na ƙara matsowa bakin ƙofa.

"Ya ce, yaron mai kunya ne, a riƙe shi." Ta miƙo ƙwaryar, bakinta yana rawa don dariya. "Amma ya ce ko akuyarsa ba zai ba ka tsaro ba."

Na kafa kai a ƙwarya na yi ta sha, don kada ta ga idona ya kawo ruwa.