Mai Kwano Ya Sauko Daga Rufi

Kowace safiya, kafin masu shara su gama da baranda, Farfesa ya riga ya haye rufin sashensu na jami'a. Kashin tattabaru yake fara gogewa daga manyan kwanukan da ke kamo masa saƙon rana da taurari, sannan ya sauko gaban kwamfuta. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Mai Kwano. Unguwarsu kuwa ta daɗe da yanke hukunci: mai gyaran dish ne da ya yi sa'ar ofis.

Wata rana maƙwabciyarsa ta tare shi a ƙofa. "Maƙwabci, tashoshina duk sun gudu. Zo ka duba mini, tunda sana'arka ce."

Da wani ne, sai ya ce an raina masa karatu. Shi dariya ya yi, ya ɗauki tsani. Yana sama yana juya kwanon ya gane cewa lissafin kusurwar da ɗalibansa ke hamma a kansa, a nan abinci ne. Daga nan ya buɗe darasin sana'a: kafa dish, haɗa sola, da yadda ake riƙe abokin ciniki.

Ana cikin haka mahaifin ɗalibarsa mafi hazaƙa ya faɗo ofis. "Farfesa, 'yata zan cire. Ba a dafa tauraro a ci."

Farfesa ya san irinta ba sa zuwa kullum. "Malam, ka ara mini ita zango ɗaya."

Kafin zangon ya ƙare, yarinyar ta haɗa wa uban sola a shagonsa na ɗinki. Ran da aka ɗauke wuta, kekensa kaɗai ke kuka a layin. Yau tana da kamfaninta, kuma ita ce za ta gaji binciken.

Farfesa, kai ne Mai Kwano, ido a sama, ƙafa a kasuwa. Kai ka nuna mana ilimi ba ya raguwa don ya hau tsanin maƙwabta.

Ranar walimar ritayarsa, telan nan ya kutso cikin taro riƙe da hannun wata budurwa. "Farfesa, ina za ka? Ga ƙanwarta na kawo."

Mun gode, Farfesa, Allah ya ƙara lafiya. Malamai, ku yi koyi da shi: ku koyar yadda uban da ya zo cire 'ya ɗaya zai dawo da ta biyu.