Mabuɗin Gwangwanin da Na Sayo a Gummi

Ƙas, ƙas, ƙas. Sau uku dutse ya bugi ƙotar wuƙa, kuma har in koma ga Allah ba na jin wannan ƙarar za ta bar kunnena.

Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu ne, can tsakanin Anka da Bukkuyum. Maza suna haƙo duwatsun zinare daga rami su kawo gida, mata su daka a turmi, ƙurar ta bi tukwane da tabarmi da hannun yara. Ma'aikatan lafiya sun zo sun yi mana bayani: kada komai na rami ya taɓa abin da yaro zai ci. Ni ina makarantar kwana a Gummi, sai na ɗauki maganar da zafi. A gidanmu da wuƙa da dutse ake fasa gwangwani, don haka ranar da za mu tafi hutu na shiga kasuwa na sayi mabuɗin gwangwani, mai jan hannu da 'yar ƙafa mai haƙora. Ya burge ni ƙwarai. Kwalin da ya zo a ciki akwai zane-zane a gabansa, amma ban tsaya dubawa ba, na juya bayansa na rubuta baiti biyu a kan damina. Ban gwada shi ko sau ɗaya ba. Wa zai fasa gwangwani don gwaji kawai?

Na tarar da ɗiyar yayata, 'yar shekara biyu, a kwance. Yarinyar da na bari tana bin kaji da gudu, yanzu ko wuyanta ba ta iya riƙewa. Ta ƙi kunu, ta ƙi fura, nono ma ya ƙafe wa uwarta saboda damuwa. Da la'asar ubanta ya aiko ɗan kabu-kabu daga Bukkuyum da gwangwanin madara guda ɗaya tak.

Na ce kowa ya bar mini. Na wanke gwangwanin da sabulu, na tafasa kofi da cokali, na ɗauko mabuɗina ina jin kaina kamar likita. Na kafa shi a tsaye a bakin gwangwanin, na murɗa. Ya zame. Na sake matsawa da ƙarfi, ya sake zamewa, sai ɗan karce da ya bari. Yarinyar tana kuka, Yaya tana jijjiga ta tana kallon hannuna. Na yi ta murɗawa har tafina ya tashi. Can sai kukan ya tsaya, ta koma wani siririn nishi, kuma wannan shirun ya fi kukan ban tsoro.

Inna, mahaifiyarmu, ta miƙe. Ta karɓe gwangwanin, ta zaro wuƙa, ta sunkuya ta ɗauki dutsen da ke tokare da ƙyaure. Ina ganin ƙyallinsa na gane shi.

"Inna, dutsen nan na rami ne."

"Na sani, ɗiyata," in ji ta. "Amma wanga abu naki ya ƙi ci, ita ko ba ta jira."

Ta buga sau uku. Da idona na ga ɓurɓushi mai launin toka ya zubo a kan marfin da na wanke, madara ta tsartso ta lashe shi ta koma ciki. Da zan iya cewa a zubar. Amma babu wani gwangwanin, babu kuma babur sai gobe. Ni na zuba a kofin da na tafasa, ni na ba ta, cokali bayan cokali, tana haɗiya tana kallona.

Kwana huɗu bayan haka ta rasu a asibiti a Anka. An ce gubar ta daɗe da taruwa a jikinta, kofi ɗaya ba shi ne ba. Inna ma ta ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma zuciya ba ta cika jin bayani ba. Na jefa mabuɗin a ƙasan akwati, na yi shekaru ina jin haushin mai teburin da ya sayar mini da jabu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kayan da ban gwada da hannuna ba kada in ɗora ran wani a kansa, komai kyansa, komai kyan niyyata.

Bayan na fara koyarwa, wata maƙwabciyata ta ga mabuɗin cikin tarkacena ta ce in ara mata. Na gaya mata lalatacce ne. Ta juya shi, ta kwantar da shi a kan gwangwanin tumatir maimakon ta tsayar, ta murɗa a hankali. Marfin ya ɗago gaba ɗaya, a tsabtace. Lafiyarsa lau. A kwance ake riƙe shi.