Harshen Inna da gwangwanin soda

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Dije mai sabulu. Tsofaffin unguwar Doka da suka rage za su tuna ta, ko don hayaƙin da take turnuƙe unguwa da shi duk ranar Talata.

A shekarun nan na gab da samun 'yancin kai, sabulun salo take yi. Ta ƙona karan dawa, ta tsiyaye ruwan tokar a kwando, ta dafa da man kaɗe. Ma'auninta ɗaya ne, harshe. Sai ta ɗiga ruwan tokar a kansa: in ya ɗan cije ta ya yi, in ya yi lami a ƙara toka. Masu jego har daga Rigachikun suke aikowa, domin sabulunta ba ya cin fatar jariri.

Wata rana Baba, wanda masinja ne a ofishin gwamnati, ya shigo da gwangwani cike da wani farin abu kamar gishiri. Soda ce. Wani akawu ya gaya masa da ita Turawa suke sabulu a masana'anta, cokali ɗaya ya fi kwandon toka. Tausayi ne ya sa shi, don hayaƙi ya fara cin idonta. Ya ce, "Amma Dije, an ce ko da hannu kada a taɓa."

Ta zuba a ruwan sanyi, kwano ya ɗau zafi ba wuta. Ina budurwa a lokacin, na ja da baya. Ita kuwa ta ce, "Malam, abin da ban ɗanɗana ba, ba zan shafa wa ɗan wani ba." Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta tsoma tsinke, ta taɓa a harshe.

Kwana goma ba ta iya shan komai sai koko mai sanyi. Ciwon ya warke, ɗanɗano bai dawo daidai ba. Abin da ya sa ta kuka ba zafin ba ne, sabulun jarirai ne, da ba ta da abin auna shi kuma. Ni na zama harshenta, ina ɗanɗana mata ruwan toka, har aka kai ni ɗakin miji. Sodar kuwa ta mayar da ita ga sabulun wanki, ana awo da murfin gwangwanin. Ko sau ɗaya ba ta yi wa Baba gori ba.

Yanzu jikata Hafsatu, da ta karanta kimiyya, tana sabulun ruwa a Unguwar Rimi, da safar hannu da tabarau da wata 'yar takarda mai sauya launi in an tsoma. Ta ce mini ruwan toka da soda dangi ɗaya ne, ƙarfi ne ya bambanta su. Da Inna tana raye ta ga tabaran nan, da ta yi dariya har da hawaye, amma na san takardar sai ta roƙa a ba ta. Ba baƙon abu ta ƙi ba, gwaji a jikin ɗan wani ta ƙi.

Ina kewarta ƙwarai. Har ta koma ga Allah miyarta gishiri na yi mata yawa, Baba kuma ya cinye ya nemi ƙari. Shi ya sa har yau in aka cika wa miya gishiri ba na faɗa, sai in yi mata addu'a in ci gaba da ci. Allah Ya jiƙanki, Inna.