Burauzar Mai Agogo

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a shago ɗaya, tsawonsa taku huɗu, faɗinsa uku. Agogo goma sha tara ne a bango, babu mai saɓa wa ɗan'uwansa. Tun da mai ɗakinsa ta rasu su ne abokan hirarsa, sai 'yarsa tilo da ke aure a gari mai nisa. Ita ta saya masa waya, ta sa masa burauza, wato manhajar shiga intanet, da akawun ɗinta, don ya huta da haddace lambobin sirri.

Da hannunsa na dama ya soma rawa, bai gaya wa kowa ba. Ya san halinta: tana tabbatarwa za ta sa ya rufe shago ya koma gidan suruki cin zaune. Wayar ya tambaya. Ba a yi minti ashirin ba sai ga kiranta, wai ya jiki. Ya ce wani abokin ciniki yake duba wa. Sau bakwai ya yi bincike, sau bakwai ta kira. Mutumin da ya tsufa yana ƙirga daƙiƙa, wannan ba zai wuce shi ba.

Mai gyaran waya na maƙwabta ya duba, ya yi dariya. "Baba, ai kai da ita kwano ɗaya kuke ci. Duk abin da ka rubuta yana gabanta."

Burauza biyar suka jera. Tambayarsa ɗaya ce a kan kowacce: wa take kai wa gulma? Ya zaɓi wadda aka ce ba ta ajiye komai, ya koma shago kamar wanda ya sa wa ƙofa sabon kwaɗo.

Asiri ya rufu, shago ya tsira. Sai dai kira ya koma ranar Asabar kaɗai, minti huɗu, wani lokacin uku. Ta ce da alama jiki ya yi kyau. Ya ce ƙwarai.

A Talata ta uku da sauya burauza, tun safe ba wanda ya leƙo, ya buɗe tsohuwar burauzar ya daɗe yana kallonta. Gwiwarsa lafiya lau take, amma ya rubuta "ciwon gwiwa" da hannun hagu, ya jingina wayar da kwalbar mai, ya jawo kujera kusa.